Allurar Tanti a cikin tukunya

Mutanen unguwarmu a Tawa ɗaki suke ce wa motar kawuna. Fara ce, doguwa, ta kwana biyu a duniya. A ciki akwai gado na mutum biyu, da benci, da murhun gas, da wani ɗan firigo na sanyaya kaya da ko gwiwata bai kai ba. Kawu wan mahaifiyata ne. Ya yi shekaru da yawa a bakin teku yana tuƙi a wani babban otel mai gidan caca, kuma can ne ya riƙa ganin tsofaffin Turawa, mata da miji, suna isowa da irin wannan mota bayan sun ratso hamada, su yi kwana biyu suna zuba kuɗi cikin inji, su ƙara gaba. Ya ce caca ba ta taɓa burge shi ba, motar ce ta shiga ransa. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata da ta gaji, ya tuƙo ta har gida. Matarsa, wadda muke kira Tanti, takan ce caca ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa, ga ta nan ƙofar gida tana ɗigar da mai.

Da farko Agadas ya so su nufa, su wuce har inda kwalta ta ƙare. Duk wanda ya ji sai ya ce masa hanya ba kamar da ba ce. Ya yi ta ragewa har abin ya tsaya ga yammacin Adar: Bambeye, Tebaram, da ƙauyen da aka haifi kakanmu, wanda rabonsa da shi tun yana saurayi.

Ni ba don yawo aka sa ni cikin tafiyar ba. Tanti tana da ciwon sukari, safe da maraice sai an yi mata allura, ga idonta ba ya ganin ƙananan layukan jikin sirinji. Ni kuma na faɗi bak, jarrabawar gama sakandare, sau biyu na ce ya isa, ina zaune gida. Inna ta ce tunda na iya karatu kuma ba ni jin kunyar kowa, ni zan riƙe maganin. Likita ya nuna mini yadda ake yi, ya ɗaga ƴar kwalba a gaban fuskata ya ce abu ɗaya zan kiyaye, zafi. In zafi ya dafa maganin, ba lallai ya sake kamanni ba, ido ba zai gane ba. Sai dai a yi allurar ta zama kamar an tsira ruwa, sukari ya yi ta hawa. Kwalba uku muka ɗauka, na jera su a ƙofar firigo cikin wani gwangwanin madara.

Tsakiyar bazara ce. Na ce a bari sai sanyi, ba wanda ya saurare ni.

Kwana biyun farko ba laifi. A Bambeye muka kwana gefen gidan wani abokin Kawu, a Tebaram muka sayi gas da albasa. Duk inda muka tsaya kunnena yana kan firigo. Yana da wani gurnani ƙasa-ƙasa, in ya yi shiru na ɗan lokaci sai ya sake kamawa, kuma har na saba ba ni iya cin abinci sai na ji ya kama. Na taɓa tambayar Kawu me ke ba shi wuta in mota ta tsaya. Ya ce batir. Na ce wane, ya ce ai guda ne, na biyun ya mutu tun can bakin teku, shi ya haɗa wayoyin da kansa. Ya ce in bar wannan ga maza.

Mun shiga ƙauyen kakanmu da hantsi, bayan mun yi kusan awa biyu cikin rairayi. Kawu ya tsaya gidan maigari ya yi gaisuwa, aka nuna mana gindin wata bagaruwa kusa da gidan gwaggonsa, ƙanwar kakanmu, tsohuwa ƙwarai, ita kaɗai ta rage cikin ɗakinsu. Kafin mu gama shan furar maraba gari ya taru.

Abin da ya faru daga nan ba wanda ya yi shi da mugunta, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don ban san wa zan zaga ba. A can ɗan gari in ya dawo daga nesa, abin da ya zo da shi na kowa ne a ranar farko. Ba roƙo ake yi ba, zuwa ake a ɗauka ana sa albarka. Kawu kuwa ya daɗe bai ji ana kiransa da sunan ubansa ba, sai ya buɗe ƙofofin motar duka huɗu. Wani ya ga wurin cajin waya ya miƙo tasa. Kafin azahar wayoyi sun cika gadon Tanti, an kawo tocila, an kawo rediyo, ladan ya aiko da batirin lasifikar masallaci a ɗan sa masa caji. Mata suka gano firigo. Aka fara da kofin ruwa a sa wa jariri ya yi sanyi, sai gora, sai kwanon fura, sai cinyar akuyar da aka yanka dominmu, da ɗuminta. Ƙofar firigon ba ta yi minti biyu a rufe ba. Kowa so yake ya sa hannu ya ji.

Na ja Kawu gefe na ce masa firigon nan ba na gari ba ne, na Tanti ne. Ya ce in rage murya. Ya ce da wane baki zai ce wa ƴaƴan ƴan'uwan ubansa a'a a kan ruwan sanyi, shi da ko jana'izar iyayensu bai zo ba. Na je wurin Tanti, tana cikin gida ana yi mata firfita, ta ce in bar shi ya ji daɗinsa yau ɗaya.

Ana kiran la'asar na shiga motar in ɗauko abin gwajin sukari. Na tsaya. Ba gurnani. Na jira kamar yadda na saba, na ƙirga numfashina, bai kama ba. Na buɗe, fitilar ciki ba ta kunna ba, wani ɗumi mai warin nama ya bugi fuskata. Na taɓa gwangwanin, ba zafi, amma sanyin ya tafi. Cikin motar kuwa kamar tanderu, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa.

Kawu ya zo ya murɗa makulli, motar ta yi ƙit sau ɗaya ta yi shiru. Maza suka taru suka tura, ƙafafun baya suka ƙara nutsewa cikin rairayi. Babu wata mota a garin. Wanda aka kira a Tebaram ya ce zai kawo batir a kan babur, amma sai gobe da yamma in kasuwa ta watse. Tanti ba ta iya zaman babur na awa biyu cikin wannan rana, kuma ko ta iya, maganin fa, a aljihun wa zai yi tafiyar.

Abin da na yi bayan wannan ban yi alfahari da shi ba, amma ba zan ɓoye ba. Na kwaso kayan firigon na riƙa ajiye su ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ba a hankali ba. Kwanon furar ya kife. Na ce kowa ya zo ya kwashi wayarsa, sun kashe maganin mace saboda ruwan sanyi. Kawu ya sunkuyar da kai, ya fara cire wayoyin da kansa yana miƙa wa masu su yana ba da haƙuri, kuma ganin haka ya fi mini zafi da a ce ya mare ni.

Furar da ta kife ta tsohuwar ce, gwaggon Kawu. Ta zo da sandarta ta tsaya kaina, ta dubi furar, ta dubi gwangwanin da na rungume.

"Ke, ɗiyar lakwal mai bakin boko, mi ke cikin abin ga?"

Na ce magani ne, ba ya son zafi.

"To shi kika tsaya yi wa ihu cikin rana? Taho da shi."

Na bi ta don ban da wata dabara. Bayan ɗakinta akwai wata rumfar kara inda iska ke ratsawa. Nan take ajiye goronta da man shanunta, cikin wata ƙaramar tukunyar ƙasa da aka zaunar cikin babba, an cika tsakaninsu da rairayi. Ta kwashe goron ta ƙulle a gefen zane, ta sa na zuba ruwa kan rairayin har ya jiƙe, ta karɓi kwalaben ta naɗe su da tsumma ta jera a ciki, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu. Ta ce kada in bari rairayin ya bushe, kada kuma in riƙa buɗewa kamar yadda muka yi wa akwatinmu mai sanyi. Na ce mata wannan ba man shanu ba ne, maganin likita ne. Ta ce ita ba ta san likita ba, ta san man shanunta bai taɓa narkewa a nan ba.

Ban yarda ba. Na zauna gaban tukunyar da buta a hannu, ina lissafin tun yaushe firigon ya mutu ban sani ba. Awa ɗaya? Uku? Na tuna lokacin da na je cin abinci, da lokacin da na tsaya gardama da wata a kan ko ina da miji. Na sa hannu ta gefen buhun duk da an hana ni. Da sanyi, irin na ƙasan randa. Ko ya isa, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya, don wayar likitan ba ta shiga.

Kafin magariba na yi wa Tanti gwaji, sukarin ya ɗan hau, da ma ta sha fura. Na zuƙi maganin, na ɗaga shi ga haske ina dubawa kamar zai gaya mini wani abu. Na daɗe ina juya shi ban tsira ba. Tanti ta lura, ta ce in tsira kawai, ita ce za a huda ba ni ba. Na gaya mata gaskiya, cewa ba za mu san ko ya yi aiki ba sai da safe. Ta ce to sai da safen. Ta ƙara da cewa in je in ba tsohuwa haƙuri kan furarta, don ta ji labari har cikin ɗaki. Na je. Tsohuwar ta ce ta ji, amma gobe ni zan dama wata.

Da asuba na riga kowa tashi. Rairayin ya fara bushewa ta sama, na jiƙa shi, na je na tashi Tanti tun ba ta yi salla ba. Na huda yatsarta, na ɗiga jinin, na riƙe abin gwajin da hannu biyu. Kawu yana tsaye bakin ƙofa da butarsa, bai shigo ba bai tafi ba. Da lambar ta fito sai na ga daidai take da wadda muka saba gani a gida. Na sake gwadawa da wani yatsa don ban yarda da sa'a ba. Tanti ta ce in na ƙara na uku sai ta rama a kaina.

Batir ya iso bayan la'asar, motar ta tashi. Firigon bai tashi ba, mai babur ya saurara ya ce injinsa ya ƙone, sai Tawa. Ni a raina magana ta ƙare, gida za mu. Kawu ma haka ya ce, a hankali, yana kallon ƙasa: ya ce ya ga garinsu, ya isa, gobe a juya. Sauran wuraren da ya zana a takardarsa, rijiyar da ubansa ke shayar da dabbobi da wani tudu can arewa, ya ce a bar su.

Tanti ce ta ƙi.

"Alhaji, shekara nawa kana ba ni labarin rijiyar nan? Ban zo har nan in koma ban gan ta ba. Kwana biyu ne. A roƙi gwaggo tukunyarta."

Na ce wannan hauka ne, kuma na faɗa da ƙarfi. Gwaji ɗaya ne ya yi kyau, ba mu san na gobe ba. Ta ce jikinta ne, kuma ta ji likita kamar yadda na ji. Ta ce in sukarin ya hau sau biyu a jere, a juya a take, ba gardama, kuma ni zan faɗi lokacin. Na dubi Kawu. Ya ce ya yarda. Na ce sai an ƙara ɗaya: duk garin da muka shiga, ni zan tsaya bakin ƙofar motar, shi ya je ya yi gaisuwarsa, in an ce ɗiyar ƙanwarsa ba ta da kunya ya ce haka aka haife ta. Ya ce wannan ba sai ya yi ƙarya ba.

Tsohuwar ta ba da tukunyar, ta ce aro ne, a dawo mata da ita ba tsaga. Muka zaunar da ita cikin wani kwando tsakanin ƙafafuna, na tokare ta da matashin Tanti. Duk ramin da muka faɗa sai na dafe tukunyar da hannu biyu. Ban ga komai na hanyar ba, rijiyar ma daga tagar mota na hango su biyu tsaye bakinta, yana nuna mata wani abu da hannu, ni ina jiƙa buhu. Sau huɗu na yi gwaji cikin kwana biyun. Na uku ya hau, na riƙe maganar a bakina tun safe har la'asar, ina kallon yadda take shan ruwa, ina ƙirga sau nawa ta ce a tsaya ta kama ruwa. Na huɗu ya sauka. Na nuna mata lambar, ta ce in nuna wa kawuna, don ya karanta a fuskata, shi ne tun safe bai ci komai ba.