Mun Kai Inna Doha Ta Yanke Hukunci

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da Inna da ƙunshin kilishinta, sai Doha. Yayanmu, ɗan farinta, shi ya gayyace mu. Tun da hatsarin mota ya zaunar da shi a keken guragu, ya kuma raunana masa hannuwa, sai ya kama wasan zari-ruga na masu keke, har ya kai ga buga wa ƙasar Turan da yake zaune. Inna ta daɗe tana cewa ya bari. Da ƙungiyarsu za ta zo Doha wasan sada zumunci, ya yi alkawari: ta gani da idonta, in ta ce ya daina, ya daina. Ni kam tsoro nake kada ta ce ya daina, don wasan nan ne ya dawo masa da dariya.

Zafi ya mare mu tun daga ƙofar filin jirgi. Wani ɗan unguwarmu mai aikin gadi ya tarbe mu, ya ce, "Yalla, mu je Inna, masauki na unguwar Mansura." Da ta ji jirgin ƙasan da muka hau ba shi da direba, salati ta yi ta yi har muka sauka. Shayi riyal ɗaya, ga madara ba wasa. Shinkafar Larabawa kuwa sai da ta sha yaji kafin Inna ta yarda abinci ce.

Washegari muka shiga zauren wasan. Jama'a, wannan ba wasa ba ne, karon raguna ne! Kekuna masu garkuwar ƙarfe suna gwabzawa, ƙara kamar unguwar maƙera. Ni dai na manta da tsoro, ihu kawai nake yi. Inna ta haɗe rai, carbi a hannu. Ku sani, saboda kunyar ɗan fari, tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "wancan yaron" take cewa.

Can wani ƙato ya banke Yaya, keke ya kife da shi, fuska a ƙasa. Kafin ma'aikata su zo ɗaga shi, Inna ta miƙe zumbur, ta kwarara sunansa da ƙarfi, ta ce, "Tashi ka rama!"

Daga kwance ya juyo ya dube ta. Ana ɗaga shi ya karɓi ƙwallo, ya dasa ta a cinya, ya keta ya tsallake layi, ya ci maki. Hawaye na yi, ba na ɓoyewa.

Bayan an tashi ya ce, "Inna, in daina?"

Ta kau da kai, ta dube ni. "Gaya wa wancan yaron ya riƙa ɗaure ɗamararsa da kyau."

Mun dawo Kano lafiya, Inna na ta musun ta kira kowa. Abin da na koyo: kunyar uwa murfi ce kawai, tukunyar na tafasa. Jiya Yaya ya kira ni yana tambaya ko wani ya ɗauki muryarta a waya. Na ce babu.

Ya ce, "Ba komai. Na ji."