Inno Laure Mai Maganin Ciki

Da an idar da sallar asuba, Inno Laure takan share zaurenta a Birnin Kebbi, ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora tukunyar jiƙo a wuta. Kafin hantsi masu ciwon ciki sun jeru: mai ƙwannafi, mai atini, mai kumburi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, tun hukumar gargajiya ta En'e ba ta buɗe ɗakin shan magani a garin ba. Ba ta ba kowa ko kurɓi ɗaya sai ta latsa cikinsa ta tambaya, "Mi kac ci jiya?"

Ku tambayi Ɗantsoho mai fataucin shinkafa. Ƙiba ta kai shi har ba ya iya sujada, sai dai ya yi salla a zaune yana haki. Ya zo mata idonsa cike da ƙwalla.

"Inno, kunyar Ubangijina nike ji."

Ta hana shi man shanu, ta rage masa tuwo zuwa rabin akushi, sannan ta ce, "Akwai ganyen da za ka dinga sha. Amma sai wanda kat tsinko da hannunka bakin fadama, kullum da sahe. Ba jaki, ba aike."

Wata bakwai yana wannan sintiri, rigunansa suna ta yi masa yawa. Wata Juma'a, a cikin sahu, goshinsa ya taɓa ƙasa. Da ya zo godiya sai ya hango ganyen nan jingim a bayan gidanta.

"Inno! Ashe ga shi nan kusa?"

Ta yi dariya. "Ɗana, da na ce ka yi tahiya kawai, da ka yi?"

Ni kuma shaidata a kan matata ce, Sadatu. Daga Argungu na ɗauko ta zuwa wurin Inno, wata uku abinci ba ya zama a cikinta, har ta fara aman jini. Inno ta daɗe tana latsa cikin, sannan ta ɗago kai.

"Wanga ya hi ƙarhina. Ku kai ta ga likita, yau ɗin nan."

Sadatu ta fashe da kuka, ta ce gara ta mutu a ɗakinta da Baturen asibiti ya sa mata wuƙa. Inno ba ta yi mata faɗa ba. Mayafinta ta ɗauka ta ce, "To tashi, ɗiyata, tare za mu." Kwana tara Inno ta yi a asibiti a gefen gadon Sadatu tana ba ta kunu kaɗan-kaɗan da ludayi. Bana Sadatu ce ta fi kowa tsiwa a wurin sussukar shinkafa.

Inno, ke ce kika san magani, kika kuma san inda saninki ya tsaya. Uwar marasa lafiya, ba ki taɓa yi wa mai tumbi dariyar tumbinsa ba.

Yanzu idonta ya yi rauni, ta miƙa aikin ga 'yarta Rahmatu. Amma har yau tana zaune gefe, ta ji muryar majinyaci ta ce, "Rahmatu, latsa ta dama."

Mun gode, Inno. Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma da Allah Ya ba wani sani, na gargajiya ne ko na asibiti, ku je ku gaishe ta tun tana iya gane muryarku, ku koyi yadda ake taɓa mara lafiya.