Ƙarya Yake Yi, Ci Abincinka

Shekarun baya, lokacin ina aikin girki a wani tsohon gida a unguwar Dokki ta Alƙahira, na zauna da karnuka uku. Ni nake faɗa da baki, ɗiyata tana rubutawa a waya, don ban yi karatun rubutu ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini.

Mu Hausawan Sudan ne. Da muka zo Alƙahira, a unguwar Arba wa Nus muka fara zama, har Allah ya haɗa maigidana, Malam, da wata dattijuwa 'yar Masar mai neman wanda zai tsare mata ƙofa ya kula da lambu. Ta ba mu ɗaki a ƙasa kusa da kicin. Ni girki, Malam ƙofa da furanni. Madam muke ce mata. 'Ya'yanta duk suna ƙasashen waje, karnukan nan su ne abokan hirarta.

Sunayen da ta sa musu ba su zauna a bakinmu ba, sai muka raɗa musu namu. Akwai Dattijo, babban kare mai gadi, ya tsufa, ƙafar baya tana ba shi wahala. Akwai Fara, 'yar gayu mai gashi, wadda in an zuba mata abinci sai ta tsince hanta ta bar shinkafa ta haye sama. Sai Gajere. Ɗiyata ta ce irinsu dakshund ake ce musu, wai don shiga ramin namun daji aka yi kiwonsu tun asali. Jiki dogo kamar taɓarya, ƙafafu kamar na kujerar tsuguno, kunnuwa suna share ƙasa. Ranar da na fara ganinsa na ce, "Malam, wannan haka aka halicce shi, ko ja aka yi ya miƙe?"

Ya ce, "Hajiya, ki bar raina shi. Abin da aka rage masa a ƙafa, a kai aka zuba."

Ni yadda aka rene ni, kare ba ya lasar mutum ya tashi ya yi salla. Malam yakan ce a mazhabarmu abin da sauƙi, ni kuma in ce ya riƙe sauƙinsa. Saboda haka muka raba aiki. Ni nake dafa musu shinkafa da wuyan kaji da hanta, shi yake kai musu bayan la'asar. Yana da wata tsohuwar jallabiya a rataye jikin ƙusa, ta karnuka kawai. Sai ya zura ta, ya jera kwanuka a bayan gida, ya ɗauko 'yar kujerarsa ya dasa a lungun da ke tsakanin bango da tankin ruwa, inda ake bi zuwa gate, ƙofar gidan, ya miƙe ƙafafu, ya riƙe kofin shayi. Haka zai zauna har su gama. Ina kicin ina jiyo shi yana cewa, "Ƙarya yake yi, Dattijo, ci abincinka." Kullum sai ya faɗa. Na ɗauka surutun tsufa ne.

Nakan leƙo in ce, "Malam, mutum da girmansa ya zauna yana wa karnuka fadanci? Ga furanni can suna jiran ruwa."

Sai ya ce, "Aiki nake yi, Hajiya."

In ce, "Aikin shan shayi."

Wani sanyi ya zo, ciwon ƙirji ya kama shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Har yau in na zo nan a labarin sai na yi kuka, kuma ba na jin kunyar hakan. Mutumin nan tun ina yarinya nake tare da shi.

Madam ta yi mini halacci. Ta ce in yi takabata a ɗakin, babu mai tashina. Ƙofa aka riƙa kulle ta da kwaɗo, ciyar da karnuka kuma ya dawo kaina. Ga yadda nake yi: in na idar da la'asar, in tattare zanena, in dire kwanuka uku da sauri, in ruga kicin in rufo ƙofa kafin wani ya shinshine ni. Ba a jimawa sai in ji haushi a bakin gate. Gajere ne ke farawa, sai muryar Dattijo ta biyo, mai kauri. Sai in ce a raina, wayyo, lokacin Malam ne ya yi, nemansa suke. In zauna a kan buhun shinkafa in yi ta kuka. In an jima in fita in kwashe kwanuka, duk a suɗe tas.

Sai Dattijo ya fara ramewa. Haƙarƙarinsa suka fito, tafiya sai ya huta a hanya. Ban yi mamaki ba, don ni ma haka nake. Burodi ya bushe a ɗakina, wake ya kwana ya yi tsami, in sa loma a baki ta ƙi wucewa. Na ce ni da karen nan ciwonmu ɗaya.

Madam ta kira likitan dabbobi. Ya dudduba, ya ɗebi jini, bai ga cuta ba. Ya tambaye ni, "Ya Hajja, yana cin abinci?"

Na ce, "Kwanonsa kullum a suɗe."

Ya ce to tsufa ne, wataƙila da kewa. Da zai fita ya ga Gajere, cikinsa har yana jan ƙasa, ya ce wannan kuma a rage masa, ƙiba tana karya musu baya. Na rage. Gajere ya ƙara ƙiba. Na sake ragewa, ya zama kamar matashin kai. Ni kuwa ko a jikina, hankalina yana wani wuri.

Wata safiya Madam ta sauko kicin da kanta, idonta ja. Ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajja. Ba zan iya kallonsa yana ƙarewa a tsaye ba. In ya kai Asabar a haka, likita zai yi masa allurar da zai huta."

Karenta ne. Amma zuciyata ta yanke. Duk gidan nan Dattijo ne kaɗai nake gani yana jin abin da nake ji, kuma shi ne wanda Malam ya fi so.

Ran Alhamis na ce bari in yi masa sallama yadda ya kamata. Na ciro jallabiyar Malam daga ƙusa na zura a kan kayana. Ƙamshinsa yana nan, har da na shayi. Na ɗauko kujerar. Ban sha wahalar neman wurinta ba, ƙafafunta sun yi wa ƙasa rami a lungun. Na jera kwanuka na zauna.

Fara ta tsince hantarta ta haye sama. Gajere ya haɗiye nasa kamar ana korarsa, ya share ragowar Fara, sannan ya ɗago ya dube ni ta gefen ido, kamar mai auna kaya a kasuwa. Ya nufo lungun. Ni kuwa da na ga ya taho, sai na naɗe ƙafafuna kada ya goge ni. Ya wuce fiu, ya isa gate, ya kama haushi kamar ɓarayi sun hauro.

Daga inda nake ina hangen titi ta tsakanin ƙarafa. Babu kowa. Ko kyanwa babu.

Dattijo, wanda bai fi loma biyu ya ci ba saboda haƙora sun ƙare, ya ɗaga kai. Ya miƙe da ƙyar, ya ja ƙafa ya wuce ni, ya tafi aikinsa na gadi. Yana isa, Gajere ya yi shiru, ya sulale ta bayan tukwanen fure, ya bi ta ƙarƙashin tanki inda babban kare ba zai shiga ba, ya faɗa kwanon Dattijo. Kafin tsohon ya gama duba titi ya jawo jiki ya dawo, an gama. Ya tsaya ya lashi kwano, ya kwanta.

A nan maganar ta faɗo mini, da muryar mai ita. Ƙarya yake yi, Dattijo, ci abincinka.

Ashe ƙafafun da Malam yake miƙewa ƙofa ce. Ashe haushin da nake zama ina wa kuka a kan buhu, dabarar ɓarawon shinkafa ce. Wata dariya ta kufce mini, ta farko tun rasuwar, ta haɗu da kuka, na rasa wanne nake yi. Madam ta leƙo daga bene tana cewa, "Ya Hajja! Lafiya?"

Na ce, "Madam, sauko ki ga ɗan fashin da kike goyo!"

Na sake ɗebo abinci na zuba wa Dattijo, na koma kujera. Wannan karon na miƙe ƙafafu har suka toshe lungun da ƙarƙashin tanki. Gajere ya zo ya tarar da hanya a rufe. Ya tsaya nan ya yi haushinsa yana kallon gate. Dattijo ya fara yunƙurin tashi. Na ce, "Ƙarya yake yi, Dattijo, ci abincinka."

Wallahi kunnuwansa suka miƙe. Ya dube ni, ya dubi jallabiyar, ya mai da kai cikin kwano. Madam tana tsaye ta riƙe baki. Ta ce, "Me kika ce masa?" Na fassara mata. Ta ce, "Shekara da shekaru ina yi musu Larabci da Faransanci, ashe Hausa suke ji."

Gajere bai saduda ba. Washegari ya gwada ɗingishi. Da bai ci riba ba, ya ɗauko takalmin Madam ya ajiye a gabana, wai ko zan tashi in mayar. Daga ƙarshe ya zo ya kwanta a kan bakin jallabiyar, ya ɗora haɓa a ƙasa, yana ajiyar zuciya kamar maraya. Na bar shi ya kwanta. Ai don haka aka ware rigar.

Dattijo kuwa a hankali yake ci, sai an yi zaman jira. Zaman ya yi mini tsawo, na fara zuwa da shayi. Shayi babu abin haɗawa yana sa ni jiri, na ƙara da burodi. Bayan 'yan kwanaki na tsinci kaina da kwanon wake da mai a cinya, ina ci yana ci. Tun ran Asabar ɗin nan kuwa na ji Madam a waya tana ce wa likita, "Khalas, ba sai ka zo ba." Dattijo ya mai da jiki, ya ƙara ganin wani sanyin da wani, sannan ya mutu a inuwar tanki da cikinsa a ƙoshe.

Daga baya Madam ta koma wurin ɗanta da sauran karnuka biyun, ni kuma na dawo Arba wa Nus wurin ɗiyata. Alhamdulillahi, ina cikin rufin asiri, jikoki suna ta hayaniya a kaina. Har yau ban zama mai shafa kare ba. Amma na san yanzu cewa mutum zai iya shekaru yana tsare wata ƙofa a gabanka, kai kana ganin shayi kawai yake sha.

Kujerar tana nan a ɗakina. Kewar Malam ba ta tafi ba, kuma ban roƙi ta tafi ba. Wani lokaci bayan la'asar, an ajiye mini abinci, sai ta taso ta cika mini ƙirji, ta ce tashi, bar kwanon nan, babu abin da zai wuce. Sai in jawo kujerar in zauna, in miƙe ƙafafu, in faɗa wa kaina abin da yake faɗa wa Dattijo. Sannan in yi bismilla.