Ramuwar Jikan Saniya

Wata Alhamis ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji biyar, aka loda mu a mota daga makarantarmu ta Dutse zuwa Birnin Kudu, mu je mu ga zanen da mutanen da suka bari a jikin duwatsu. Gero ya fid da kai dama da hagu, mu kuwa muna ta waƙa muna dukan jikin mota. Tun da asuba kakata, wadda muke kira Inna, ta dama min fura da nono ta ɗura a goranta na duma, wanda ya yi baƙi yana sheƙi saboda daɗewa a hannu. Da shi aka kai ta ɗaki. Sai da ta rataya min shi a wuya ta ce, "Ka kula da shi, ya girmi babanka."

Da muka hau dutsen muka shiga ƙarƙashin wata rumfar dutse mai sanyi, sai mai kula da wurin ya nuna mana shanu ja da fari, masu dogayen ƙaho, ba tozo. Na tsaya baki buɗe. A gidanmu shanu ne komai, amma ban taɓa zaton wani ya so su har ya zana su a inda ruwan sama ba zai wanke ba. Ina cikin kallo sai Nasiru, ɗan wani ma'aikaci da ke zaune a Yalwawa, mai jakar goyo da farin takalmi sau-ciki, ya dafa kafaɗata, ya nuna wata saniya a zanen, ya ɗaga murya. "Haruna, ba ka gai da kakarka ba!" Ajin ya fashe da dariya, har da 'yan mata. Lokacin cin abinci kuma ya zo wucewa ya sa ƙafa ya shuri goran Inna. Ina gani ya gangara yana dukan dutse, ya dare gida biyu, furar ta bi tsagin dutse. Malam Iliya, malamin ajinmu, ya ce tsautsayi ne, a yi haƙuri. Ni dai na ga idon Nasiru sanda ya ɗaga ƙafar.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Ta karɓi fasasshen goran ta juya shi a hannu, ta tura ƙarƙashin gado, ta ci gaba da tsintar wake. Da ta zane ni da ya fi min sauƙi. A makaranta kuwa sunan ya bi ni: Jikan Saniya. Idan muna langa sai a yi min kukan shanu, idan na tashi karatu sai in ji "muu" daga bayan aji. Na daina tankawa. Ina share turke, ina kai dusa, ina jan ruwa a rijiya, abin yana cina a rai kamar gara. Na yi tunanin tare shi a hanya, amma ya fi ni ƙarfi, kuma duka a lungu bai ishe ni ba. A gaban jama'a ya yi min, a gaban jama'a nake so in rama.

Da rani ya tsaya aka ce za a kai mu madatsar ruwa ta Warwade mu ga yadda aka tare ruwa. Na yi murna ƙwarai, domin a nan garken Kawu Jauro, ƙanin mahaifiyata, yake shan ruwa da azahar, kuma duk hutu ni nake bin sa. Akwai wata farar saniya a ciki, Rane, mai kwaɗayin tsiya, wadda in ta ji ƙanshin manda, baƙin gishirin nan da ake ba shanu, ko bango ne sai ta ture. Na daka manda na cuɗa da dusa na ƙulle a tsumma. Muna kan gaɓa, Malam Iliya yana nuna mana ƙofar da ake sakin ruwa da masunta a cikin kwalekwale, na lallaɓa na zazzage ƙullin a aljihun jakar Nasiru na baya, na bar bakin a buɗe.

Da garken ya gangaro, na koma bayan Nasiru na yi irin kiran da nake mata a ruga. Rane ta ɗago kai ta nufo mu, wasu suka biyo ta. Tana isowa ta wuce ni ta cusa hanci a jakar. Nasiru ya waiga ya yi ido biyu da ƙaho. Ya kwarma ihu yana kiran babarsa, ya zura da gudu, ita kuma ta bi shi a sukwane tana lasar bayansa. Bai ga hanya ba sai ruwa. Ya afka cikin taɓo har cinya, ya faɗi ruf da ciki, Rane ta tsaya a kansa tana lasa hankali kwance, har da ƙeyarsa. Sai da Kawu ya zo ya kore ta aka jawo shi, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana kuka da majina. Na matsa kusa yadda kowa zai ji na ce, "Kakata ce take gaishe ka." Dariyar ranar ta fi ta Birnin Kudu ƙarfi. Kawu ya shinshina jakar, ya dube ni, ya juya yana gyara sandarsa a kafaɗa. Daga ranar babu wanda ya sake yi min "muu".

Bara na kai 'ya'yana bakin ruwan nan. Sun yi ta ɗaukar hoto da waya, ni kuwa ina duban gangaren da garke ke saukowa. Kawu ya rasu, 'ya'yansa sun yi kudu da shanun, hanyar da suke bi ta zama gona. Nasiru muna haɗuwa a wajen ɗaurin aure, mu gaisa, kowa ya tambayi iyali. Bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Na daɗe a tsaye ko zan ji ƙarar kofato, ban ji komai ba sai iska a kan ruwa.