Ɗan Yatsan Malam Maliki

Malam Maliki mutumin Dutsi ne, amma a Daura ya tsufa. Ya koyi buga tafireta yana saurayi, ya yi aikin akawu a ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Da zaman gida ya gagare shi, sai Alhaji Munzali, mai shagon buga takardu kusa da kasuwa, ya ba shi kujera da kwamfuta. A lokacin an fara aiki da shari'ar Musulunci a jiha, masu neman a buga musu takardun ƙara da na rabon gado sun yawaita. A can na san shi, domin shi nake kai wa jawaban ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai. Ba ya kallon madannai idan yana bugawa, kuma ba ya son a yi masa hira.

Ana nan sai kwamfutarsa ta fara wata ɗabi'a. Yana tsakiyar shafi sai rubutun duka ya yi shuɗi, kafin ya ankara ya goge. Wani lokaci injin buga takarda ya tashi da kansa ya tofo rabin wasiƙa. Aikin safe sai ya kai azahar. Masu jira suka fara tsallakawa shagon da ke kallon nasu.

Alhaji ya sayo sabon kibod, wato madannai, kwamfutar ba ta canja ba. Ya sa aka wanke kwamfutar aka sake zuba mata komai, ta yi lafiya a hannun mai gyara, ta koma halinta a hannun Malam Maliki. Daga nan Alhaji ya fara maganar wani ɗan ƙanwarsa a Mashi da ya gama koyon kwamfuta yana zaune ba aiki. Bai ce zai kawo shi ba, amma a gaban Malam Maliki yake faɗa, shi kuma tsohon, shagon nan ne kaɗai abin da yake fita dominsa.

Ina wurin ranar da aka kira Muktar, magidanci mai gyaran na'urori a bakin tasha. Ya buga shafi guda, babu abin da ya faru.

"Baba, wannan ai tsoron baƙo take yi," in ji shi. "Zauna ka buga in gani."

"Na gaji da a gani, Muktar. Kowa ya gani."

"Haba Baba, layi biyu kawai."

Ya zauna. Muktar bai dubi allon kwamfutar ba, hannuwan tsohon ya zuba wa ido. Can sai shafin ya yi shuɗi, ya tafi.

Muktar ya rage murya. "Baba, kana jin ɗan yatsan nan na hagu?"

Malam Maliki ya dubi yatsan. "Tun damina ba na jin sa sosai. Likita ya ce ciwon suga ne."

Muktar ya nuna masa. Yatsan yana saki ya kwanta a kan maɓallin Kantarol da ke kusurwa, ba tare da mai shi ya sani ba. Muddin maɓallin yana danne, kwamfuta ba ta ɗaukar harafi a matsayin harafi, umarni take ji. Wani harafin ya zaɓi rubutun duka, na bayansa ya share shi, wani kuma ya tayar da injin bugawa.

"To ashe ni ne," in ji tsohon.

"Akwai irinsa a dama, da shi za ka riƙa aiki." Muktar ya sa bakin sukudireba ya ɓamɓare maɓallin, ya toshe gurbin da ɗan kwali.

Alhaji ya shigo daga waje ya ga ramin. "Kai Muktar, sabon kibod ɗin ka yi wa giɓi? Me ka samu?"

"Maɓallin nan ne yake dannuwa, Alhaji. Na cire shi."

Malam Maliki ya gyara zama. "Alhaji, gaskiyar magana, ba na'urar ba ce. Hannuna..."

"Malam, Muktar na tambaya," in ji Alhaji, bai ko juyo ba. "Yanzu za ta ƙara gogewa?"

"Ba za ta ƙara ba, in sha Allahu."

"To shi ke nan. Ga mutane can suna jira."

Ba a sake ambaton ɗan Mashi a gaban tsohon ba. Malam Maliki ya ci gaba da zuwa, sai dai saurin nan ya ragu, domin a tsufansa ya koma koya wa hannun dama aikin da hagu ya saba. Bayan la'asar yakan rufe kwamfutar da tsohon mayafi, ya zauna a benci yana murza yatsun hagu ɗaya bayan ɗaya, yana duba wanda har yanzu yake jin taɓawa, kafin ya nemi mai babur ya kai shi gida.