Yadda Na Biya wa 'Ya'yan Sinawa Karatu

Shekarun da na yi ina koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata a Kano ba su tsinana mini komai ba da na zo New York. Takarduna suka zama kayan ajiya a ƙasan akwati. Na sha zaman gida a unguwar Tremont har na gane ƙamshin miyar kowace maƙwabciya, kafin na samu aikin Asabar da Lahadi a unguwar Flushing, a wata 'yar makarantar ƙarin karatu da ke saman shagon mai kifi. Ɗalibaina 'ya'yan Sinawa ne 'yan ƙaramar sakandare, waɗanda ba su daɗe da shigowa ƙasar ba. Aikina in koya musu nahawun Turanci da kalmomi, in kuma sa su saba da karatu.

Nahawu kam ba zan yi ƙaryar ni na koya musu ba. In na raba takardun tambayoyi, kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina sun cike su, kuma da wuya jan birona ya samu aikin yi. Amma in na ce wani ya miƙe ya karanta, sai kowa ya duƙar da kai kamar an yi rasuwa. Mai makarantar, wata mata 'yar firit da ba ta iya tafiya a hankali ba, ta gaya mini tun ranar farko cewa tsarinsu irin na nan ƙasar ne: kowa ya karanta a zuci, sannan a tambaye shi ra'ayinsa. Ni da na tashi a ajin da muryoyin yara ke danne kiran sallar la'asar, shirun nan ya dame ni ƙwarai.

A layin baya, kusa da hitar ɗumama ɗaki, akwai wata yarinya mai rigar sanyi ruwan toka. Ta fi kowa iya rubutu, amma ban taɓa jin muryarta ba. Ko sunanta na kira, hannu kawai take ɗagawa. Da na tambayi mai makarantar, sai ta ja ni gefe ta ba ni labari. A makon yarinyar na farko a makarantarsu ta boko aka sa ta karatu, yara suka yi mata dariya, tun daga ranar ta kulle bakinta. Akwai jarrabawar da ake yi wa baƙin yara kafin a fitar da su daga ajin koyon Turanci, kuma a cikinta akwai magana da baki. Bara ta zauna gaban mai jarrabawa ta yi gum har lokaci ya ƙare. Ubanta ya ce in aka sake haka bana, zai mayar da ita China wajen kakarta ta ƙarasa karatu a can. Uwarta kuwa shekaru ta yi tana gyaran farcen mutane kafin ta samu ta ɗauko ta.

Na gwada lallashi, na gwada alewa, na tsayar da ita bayan tashi mu biyu kaɗai. Sai dai fuskarta ta yi ja, ta ƙura wa takalminta ido. Da ƙyar nake danne kaina, don ni ba a san ni da haƙuri ba.

Wata rana na je ɗauko yarana daga Islamiyyar masallacinmu, na tsaya a bakin ƙofa ina jin malam yana biya musu, suna amsawa da iya ƙarfinsu. Har 'yan kunyar cikinsu sun saki murya, tunda ba wanda zai tsinci tasu a cikin taro. Da na dawo gida na gaya wa maigidana abin da na ƙudurta.

Ya ce, "Malama, nan fa ba Kano ba ce. Ki je ki mayar musu da class Islamiyya su yi firing ɗinki. Ki bi rules ɗinsu kawai."

Na ce, "Malam, rules ɗin nan sun kusa raba 'yar mutane da uwarta."

Ranar Asabar na rufe ƙofar aji, na ce da su zan karanta jimla, kowa ya maimaita da ƙarfi. Na ɗauki biro ina buga tebur don mu tafi tare. Na ɗauka sai na yi ta fama da su, ai kuwa jimlar farko suka amsa da muryar da sai da tagar ta yi ƙara. Wata mai gilashi a layin gaba ta ce mini, tana dariya, ai da haka suke fara kowace safiya a makarantunsu na China. Ashe abin da na ɗauko daga Kano shi suka baro a gida, suna ta kewarsa.

Ba a jima ba mai makarantar ta banko ƙofa, fuska a murtuke, wai mai kifi ya hauro da ƙorafi. Ban tsaya ba, yaran ma ba su tsaya ba. Ta tsaya tana kallonmu, sai na ga leɓenta ya fara motsi tare da namu. Ta ce in rufe taga, ta ja ƙofa ta fita.

Yarinyar ta fara da motsa baki. Bayan 'yan makonni, in na bi ta bayanta ina jin muryarta can ƙasa-ƙasa a cikin ta sauran. Amma mai jarrabawa ba zai kawo mata aji guda su taya ta ba, kuma lokaci yana ta matsowa.

Nan na tuna wata dabarar malamarmu ta Islamiyya a Kano. In tana son kama masu motsa baki ba su iya ba, sai ta riƙa yi wa layi-layi alama da hannu su yi shiru, har a bar mutum shi kaɗai. Na gaya wa ajin wani wasa za mu yi: duk layin da na kifa wa tafin hannu, ya yi shiru. Na san yarinyar in ta duƙufa a kan littafi ba ta ɗago kai.

Muka fara labarin wata tsohuwa da ke jiran bas a cikin dusar ƙanƙara. Na kifa wa layin gaba hannu, suka yi shiru. Na kifa wa na tsakiya. Sannan na bi na kusa da yarinyar ɗaya bayan ɗaya. Sai ga murya guda ta rage a ɗakin, kakkaura, wadda ba za ka ce daga wannan ɗan jikin take fitowa ba. Tana karatu tana ɗan rangaji, ba ta san an watse an bar ta ba.

Saura kaɗan ta kai ƙarshen sakin layi ta farga. Ta tsaya cak. Na ce a raina shi ke nan na ɓata komai. Na ci gaba da buga biro a tebur a hankali. Ta ɗora yatsa a inda ta tsaya, ta ƙarasa.

Na ga hannuwa sun tashi za su tafa, na zare musu ido suka sauke. Na ce a juya shafi, kowa da kowa. Daɗi kamar ya kashe ni, amma ban bari ta gani ba. Daga ranar kusan kowane mako sai na bar ta ita kaɗai, kuma ta daina tsayawa.

Bayan sakamako ya fito, wata Lahadi ana tsakiyar darasi suka shigo ita da uwarta, uwar rungume da ledar lemo. Uwar ba ta jin Turanci. Ta yi magana da Sinanci, ta zunguri 'yar. Yarinyar ta dube ni a gaban ajin duka ta ce, "Malama, mamata ta ce in gaya miki na ci. Babana ya ce ina nan, ba inda zan je."

Uwar ta ƙara wata doguwar magana tana nuna kunnenta. Yaran suka fashe da dariya. Na tambayi me ta ce.

"Wai tun da safe nake karatu da ƙarfi a gida, na hana kowa sakat. Wai ki ce in rage."

Na dubi uwar, idonta cike da hawaye, ta riƙe hannun rigar 'yarta gam. Na ce da yarinyar, "Gaya mata na ƙi."

Ta juya ta gaya mata, da ƙarfi.