Shimfiɗar Babana a Ɗakin Iya

Tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan, babana ya bi fatake da jakinsa ta hanyar Dogon Dawa. Tun da suka shiga daji, shiru kake ji. Damina ta wuce, wata ta zo. Ni a lokacin ban wuce a aike ni ɗebo wuta a maƙwabta ba. Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ɗakin kakata Iya, mahaifiyar babana, a cikin Birnin Gwari: hayaƙin itacen marke yana lilo a ƙarƙashin jinka, ga shimfiɗar da take yi masa kullum da almuru a jikin bango. Jikokina yanzu sai ka ji filo, ka ji katifa. Mu tabarmar kaba muka sani, da matashin fata, da gwado saƙar hannu mai nauyin tsiya.

Wata rana na miƙe ƙafa a kan shimfiɗar nan, Iya ta make ni da mafici.

"Kai maigida, duk faɗin ɗakin nan bai ishe ka ba? Matso kusa da wuta, raggon miji. Ga wata nan tafe gare ku."

Ni da sauran yaran gidan muka ce ta iso mu ji ta.

Wai wata tsohuwa ce ɗanta ya tafi ɗebo zuma, daji ya riƙe shi. Iya ta ce daji ba ya cinye mutum sai wanda ba shi da makwanci a gida, don haka kullum tsohuwa sai ta yi wa ɗanta shimfiɗa. In ta baza tabarma, can cikin kurmi ƙafafunsa su juyo gida. In ta ajiye matashi, ya tuna sunan garinsu. Gwado kuwa, da ta warware shi sai ɗumi ya ratsa masa ƙirji, ya ƙi taɓa abincin mutanen ɓoye komai yunwa. Ran nan wata baƙuwa ta roƙi aron matashi, tsohuwa ta ji nauyin hana ta. A daren ya iso har ƙofar gari, ya tsaya yana kallon ganuwa a farin wata, bai gane ta ba. Ya juya ya koma.

Na ce, "Iya, daga baya ya dawo?"

"Barci ya ci ƙarfinka, maigida. Ƙurunƙus kan ɗan ɓera."

Ta iza wuta. Sau nawa na sake tambaya, ba ta taɓa ba ni amsa ba.

Sai da na yi furfura na gane. Babana ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle a ga hawayenta. In mata suka zo jaje, sai ta kawar da kai ta shiga zancen gero. Ashe tatsuniyar nan ita ce kukanta, mu kuwa muna ta gyangyaɗi a gabanta. Wallahi har yau abin yana yi mini ciwo.

Ban kai ga riƙe fartanya sosai ba ta rasu. Aka nemi tabarmar da za a naɗe ta a kai ta makwancinta, duk gidan babu mai kyau sai ta babana, don ba a taɓa kwana a kanta ba. Na riƙe gefen tabarmar ina kuka, ina cewa in ya zo ina zai kwanta. Baffana, ƙanen babana, ya durƙusa ya ɓamɓare yatsuna a hankali.

Ya ce, "Saki, ɗana. Kai masa za ta yi."